Tabon da Na Samo a Istudiyon Jidda

Tun da na dawo, duk wanda ya gamu da ni sai ya yi mini barka da sauka, ya nemi dabino da ruwan Zamzam, sa'an nan idonsa ya tsaya a goshina. "Habibu, me ya same ka?" Ni kuwa kun san ni, in mutane suka ɗan yi yawa harshena yakan yi nauyi. Nakan ce, "Ƙofa ce," in yi shiru. Wannan amsa ba ta gamsar da kowa ba, har na fara jin ana cewa raƙumi ne ya harbe ni a Sudan, wasu kuma suka ce dutsen wani alhaji ne ya same ni wajen jifa. Don haka na ga gara in rubuta abin a kan takarda, inda ba mai zuba mini ido. Ba zan taɓa zancen Makka da Madina ba, malamai sun rubuta abin da ya fi nawa. Nawa labarin na hanya ne, da Jidda, da wani wuri da ake kira Istudiyo.

Sai na fara da Baffa Sale, wan mahaifina Isa, ɗan farin kakarmu Inna. Ya tafi aikin Hajji a ƙasa tun ba a haife ni ba, bai kuwa dawo ba. Alhazai sukan kawo labari cewa yana Jidda, ya yi aure, yana lafiya. Ɗakinsa na nan a gidanmu, daf da zaure, bayansa jikin titi. Inna ta kulle shi, kowace Juma'a ta buɗe ta share, ta mayar da mabuɗi bakin zaninta. Baba Audu kuwa, ƙanin mahaifina, tela ne, ya daɗe yana so a fasa bangon ɗakin ta waje ya yi shago.

Da kawuna ya ɗauki nauyin tafiyata saboda na ci jarrabawa, Inna ta kira ni. Idonta ya riga ya yi rauni, da shafa take gane mu. Ba ta kuma faɗar sunan ɗan fari, kamar dai sauran iyayenmu.

Ta ce, "In ka je can, akwai wani mutum."

Na ce, "Baffa Sale?"

"Na tambaye ka sunansa? Wani mutum na ce. Ba kuma gaisuwa na ba ka ba. Dubo mini za ka yi. In ya manta da gidan nan, ka zo ka faɗa mini in ba Audu mabuɗi, in huta da zaryarsa. Kai na zaɓa don ba ka iya ƙarya ba. Ko ka gwada, murya ke tona ka."

Da wannan kaya na fita. A ƙofar zaure na sunkuya kamar yadda kowa yake yi a gidanmu. Kakanmu gajere ne, ya gina ƙofar daidai kansa, ga kuma wata karkatacciyar azara da ta leƙo ta hagu. Shekarar da na fara tsawo ta tsaga mini goshi, na dafa alkukin da ake ajiye fitila a dama, jini na zuba, Inna na cewa maganin mai tafiya yana karatu ke nan.

Abokin tafiyata Alhaji Ɗan'iya ne, falken goro, wanda ya sha bin hanyar. A tasha ya ɗaga akwatina ya ajiye da sauri. "Malam Ƙarami, duwatsun niƙa za ka kai musu?" Na ce littattafai ne. Ya ce to, Allah ya sa su iya tura mota.

Bakinsa kuwa kamar ya sani. Bayan mun wuce Fort Lami motarmu ta kafe a laka. Muka sauka muka tura, ta hau tudu, ta fara komowa da baya. Karen mota ya nemi waigin tokare taya ya rasa, ya waiga ya ga babban ƙamus ɗina na Larabci a hammatata, ya fizge ya cusa ƙarƙashin taya. Motar ta tsaya cak. Fasinjoji suka yi kabbara. Alhaji ya dafa ni ya ce yau ya ga amfanin ilmi da idonsa. Har yanzu akwai zanen taya a tsakiyar littafin, haruffa uku ba sa karantuwa.

A kan iyakar Sudan, kusa da Junaina, aka jera mu don allurar riga-kafi. Alhaji ya ɓace bayan buhuna har aka gama. Ni aka yi mini, na koma gefe ina gyara hannun riga, sai wani ma'aikaci ya zaci sabon zuwa ne, ya ja ni ya mayar layi. Na buɗe baki in yi bayani, na ga kowa na kallona, na rufe. Haka aka sake yi mini a ɗaya hannun. Kwana biyu ba na iya ɗaga cokali. Alhaji ya ce ba a yi asara ba, na karɓar masa tasa.

Daga Niyala muka shiga jirgin ƙasa, wanda mutanen da ke samansa suka fi na cikinsa yawa. Abincin hanya kisra ce, wata irin waina mai faɗi, siririya kamar takarda, ana ci da miyar busasshiyar kuɓewa. Shayinsu kuwa sukari ne da aka ɗiga wa ruwa. A Kosti muka sayi nama wurin wata tsohuwa da ke jin Hausa tsaf. Na tambaye ta daga wane gari take. Ta ce a hanya take, za ta Makka. Na ce yaushe ta baro gida? Ta ce a nan aka haife ta, babanta ne ya baro Sakkwato, shi ma a hanya yake har ya rasu. Ta faɗi haka tana juya nama, hankalinta kwance. Na tuna Baffa Sale, na ajiye naman.

Zancen teku ba zan tsawaita ba. Daga Bur Sudan zuwa Jidda ban ga komai ba sai cikin bokiti. Alhaji yana ta cusa mini goro wai magani ne, goron kuma yana komowa.

A Jidda muka sauka a Balad, tsohon gari, inda gidaje suke da tsawo, an gina su da dutsen teku, tagoginsu na katako sun turo kai titi kamar akwatuna. Masaukinmu mai araha ne, ana kwana a kan rufi a gadajen igiya saboda zafi. Zafinsu ba irin namu ba ne, jiƙa mutum yake yi. Da safe sai wake da aka dama da mai, suna ce masa ful, da wani faffaɗan burodi mai zafi, tamis. Maigida da kansa yake ɗaukar kwando ya je cefane, ba wanda ya ga abin magana. Manyan mutane da gemu suna sumbatar juna a kumatu a tsakiyar kasuwa. Abin da ya fi wahalar da ni agogo ne. A wurinsu faɗuwar rana ita ce ƙarfe goma sha biyu, daga nan ake fara ƙirga. Na gyara agogona, na sake gyarawa, daga ƙarshe na cire shi na sa a aljihu na koma bin kiran salla.

Na tambayi wani Bahaushe mai sayar da ruwa ko ya san Sale, mutumin Kano. Ya sauke garewaninsa ya ce, "Am Saleh mai Istudiyo? Wa bai san shi ba? Yalla, ka shiga taksi ka ce Istudiyo, halas."

Taksi ta ɗauke ni kudu, wajen Kurayyat, ta ajiye ni a bakin wata doguwar katanga. Hantsi ne, ƙofa a buɗe, ba kowa. Da na shiga sai ga wata fada a gabana, mai hasumiya da ƙubbobi, an shafe ta da ruwan hoda da na zinariya, ƙofarta ta isa giwa ta shiga. Na tsaya ina kallo. Na ce a raina mutumin da ke cikin wannan ina zai tuna ɗakin ƙasa? Na tuɓe takalma, na gyara hula, na yi sallama. Shiru. Na sake. Shiru. Na yi ta uku. Na san ƙa'ida, in an yi uku ba a amsa ba sai a koma. Amma ni daga Kano nake, komawata da nisa. Sai na ɗan ja da baya, na jira, na dawo kamar sabon baƙo na fara wasu ukun. Ƙasa ta yi zafi, ina ɗaga ƙafa ɗaya ina sauke ɗaya. Shiga gidan mutane ba izini kuwa ban taɓa ba, balle gidan da ake zaton akwai mata.

Ina cikin zagaye na huɗu na ji dariya a gefe. Wata mata ce mai ƙiba, lulluɓe da mayafin Sudan, riƙe da tsintsiya, hawaye na zubo mata.

"Ya waladi, wallahi Bahaushe ne kai. Bahaushen ma na gida, ɗanye. Sa takalminka, ta'al, zo ka gaida mai fadar."

Ta ja ni muka zagaya. Fadar katako ce falle ɗaya, an tokare ta da sanduna ta baya. A inuwarta wata akuya ce ɗaure, tana tuƙa, tana kallona.

Matar ita ce Asha, matar Baffa, Bahaushiyar Sudan. Da na faɗi ko ni wane ne ta rangaɗa guɗa, ta kai ni wata rumfa inda wani dogon dattijo cikin farar jallabiya ya duƙa kan inji, hannunsa duk baƙin mai. Na durƙusa na fara gaisuwa tun daga lafiya, ina shirin bin ta daki-daki har iyali da gajiya da zafi.

Ya ce, "Ahlan, ahlan. Ƙum, tashi, ba a yin haka a nan. Ɗan Isa ne? Masha Allah. Riƙe mini sifana."

Gaisuwar ke nan gaba ɗaya, bayan shekara ashirin da wani abu. Na riƙe sifana. Na tara ƙarfin hali na ce, "Baffa, Inna tana..." Sai ya ja igiya, inji ya tashi da ƙara, maganata ta bi hayaƙi.

Na kwashe kayana daga Balad na koma gidansu a Ammariyya. Ina lura, ina tarawa a raina, tun da abin da aka aiko ni ke nan. Babban ɗansu Umar, wanda ya kusa sa'ana, yana jin Hausa amma da Larabci yake amsawa. Shinkafa da rana, shinkafa da dare, kowa a faranti ɗaya. Ranar da Asha ta tuƙa mini tuwo da miyar lalo, Baffa ya leƙa ya ce a ba shi burodi. In na ambaci Kano sai ya kaɗa hannu ya ce, "Ba'id, ba'id," wato da nisa, ya shiga zancen man inji. Bai tambayi kowa ba, ko wanda ya mutu, ko wanda aka haifa.

Asha ce ta zagaya da ni Istudiyo ta ba ni tarihinsa, tana tafe tana nuni da tsintsiya. Filin na wani attajiri ne, a da nan ake tara raƙuma da kayan alhazai. Ya tura ɗansa Sayyid Hamza Masar ya koyo aikin likita, sai yaron ya dawo da na'urar ɗaukar fim. Ya ce zai shirya labarin wani matafiyi da ya zaga duniya. Ya ɗebi magina, cikinsu har da Baffa, wanda lokacin yake ga-ruwa da safe, birkila da yamma. Suka gina masa duniyar a fili ɗaya: fadar Hindu, da dalar Masar ta tabarmin kaba, da jirgin ruwa marar gindi, da ƙasar Takrur, wato ƙasarmu.

"Matafiyin, wani wanzami aka ɗauko," in ji Asha. "Da an kunna na'ura sai ya juyo ya gaishe ta. Gimbiya kuma, tun da mace ba za ta fito ba, kukun Sayyid aka sa wa mayafi. Ya ce komai zai yi amma ban da aske gashin baki. Suna cikin haka uban ya ji labari, ya zo da sanda. Halas, fim ya ƙare."

Fim ya mutu, amma gine-ginen suka tsaya, aka bar Baffa yana gadi, Sayyid kuma ya zama kafilinsa, wanda takardun zamansa suke hannunsa. Alhazai masu jiran jirgi suka fara leƙowa, wani mai hoto ya kafa akwatinsa, mutum ya tsaya gaban fada a ɗauke shi ya kai gida. Asha ta ce akwai ƙauyuka da yawa a duniya da har yau suke zaton Makka tana da ƙubba ruwan hoda. Da Salla ta zo Baffa ya kafa lilon katako, yara suka cika wurin, sai lilon ya zauna daram har bayan Salla. Da attajirin ya rasu, Sayyid ya sa aka shafe bango ɗaya da farar ƙasa, aka jera bencina, aka fara nuna fina-finan Masar da na Hindu bayan magariba. Masu tsire suka biyo baya, su a can siriya suke ce masa, kuma duk 'yan uwanmu ne. Faya-fayan fim a keke ake kawo su daga wani fili, wani lokaci mai keken ya juya su, sai a ga mutumin da aka binne ɗazu ya fito ana ɗaura masa aure. Ba mai neman a mayar masa da kuɗinsa, sukan ce wannan ya fi daɗi.

Daga nan aka kawo dawakan katako masu zagayawa. Da fari ƙarti ke tura su, sai aka sayo injin nan da Baffa yake kwana yana tashi a kansa. Wuta ta zo, aka rataya ƙwayaye masu launi, aka buɗe wurin sayar da ƙanƙara mai zaƙi. An matsar da katanga har sau biyu. Dalar Masar awaki suka cinye, aka sake ta da kwano, yanzu ba mai iya taɓa ta da rana. Jirgin ruwa ya zama ɗakin sayar da tikiti. Fadar Hindu takan sauya launi duk lokacin da aka samu fenti mai araha. Yanzu kuma, in ji ta, Sayyid ya yi odar ƙananan motocin lantarki masu karo da juna, ana neman inda za a sa su.

Na ce, "Ƙasar Takrur fa?"

Ta taɓe baki. "An ci ta kaɗan-kaɗan. Rumbu ya tafi don lilo, madafa ta tafi don ƙanƙara, katanga ta tafi don bencina. Wa zai sayi tikiti ya kalli gidan ƙasa? Rabin masu zuwa daga irinsa suka gudo."

Na ƙara wannan a kan abin da na tara.

Na shiga kallo sau ɗaya, Umar ya zaunar da ni a gaba. Kafin kowane fim sai an nuna ɗan guntun da ya rage daga aikin Sayyid: wanzami a kan jaki, ya juyo yana gaida na'ura, jaki ya tsaya, wanzami ya wuce ta kansa. Shekara da shekaru ana nunawa, kowa ya san zai faɗi, amma da ya juyo sai fili ya kaure da ihu, "Intabih! Kula!" Da ya faɗi kuma a yi ta salati kamar yau aka fara gani. Ni ma na ji bakina ya ce, "Kula!" na waiga ko wani ya ji.

Lokacin aikin Hajji ya yi, muka wuce Makka da Madina, muka sauke farali, muka komo Jidda jiran jirgi. Zuwa lokacin na gama yanke hukunci. Na bi abin da na gani ɗaya bayan ɗaya, ban sami ko guda da zan riƙa ba. Zan je in tsaya gaban Inna in ce ya manta, ta kwance mabuɗi daga bakin zani. Na gwada wata amsar a raina, na ji muryata na rawa tun ban furta ba.

Ranar da za mu tashi na je Istudiyo da safe in yi sallama da su. Na tarar da Sayyid Hamza, mai tumbi da tabarau, riƙe da igiyar awo, shi da Baffa suna musu da Larabci mai sauri wanda ba ya cikin ƙamus ɗina. Da ya gan ni ya miƙo mini bakin igiyar. "Ya ustaz, kai ne mai lissafi. Bi ta bayan farin bangon nan ka ja har ka kai ƙarshe, ka karanta mini."

Ban taɓa zagayawa bayan bangon fim ba. Na bi wani ɗan lungu tsakanin tulin karyayyun bencina, na ɗaga igiya daidai idona ina karanta lambobi don kada in yi kuskure. Na ga duhun wata ƙofa a gabana, na sa kai.

Ƙau!

Wuta ta gilma a idona. Hannuna na dama ya miƙe da kansa, ya faɗa cikin alkuki, ya taɓa fitila. Na ja baya na zauna, sai na ji ni a kan dakali. Jini na bin hancina, amma ba shi ya dame ni ba. Tambayar kaina nake, ta yaya hannuna ya san akwai alkuki a nan? Wa ya gaya wa ƙafafuna akwai dakali? Na ɗaga kai. Karkatacciyar azara ce ta leƙo ta hagu.

Zauren gidanmu ne. Faɗinsa, da ɗan tudun bakin ƙofa, da inda bango ya yi ciki. Ta ɗaya ƙofar ina hango ɗaki guda a tsaye shi kaɗai, inda ɗakin Inna yake a gida, an share gabansa, sabon yaɓe a jikinsa.

"Kai! Wane irin sakarai ne wannan? Ɗan gidan nan ne kai kuwa? Ba a koya maka sunkuyawa ba?"

Baffa ne a kaina, da Hausar Kano tsantsa, ba ko ɗigon Larabci. Ya tuɓe hularsa ya danne mini goshi da ita.

Sayyid ya iso yana haki, ya sunkuyo ya shigo da alamar wanda ya daɗe da koyon darasi. Ya ce, "Ka gani, ya Saleh? Ta fasa kan wanzami, ta fasa nawa, yau ta fasa na ɗan uwanka. Tun ranar da ka gina ta nake roƙonka ka ɗaga ta taƙi ɗaya. Taƙi ɗaya!"

Baffa ya ce, "Haka take."

"A ina haka take?"

"Inda take."

Asha ta zo da ruwa da toka, tana wanke mini ciwo tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce ƙasar Jidda gishiri gare ta, ba ta riƙe gini, don haka duk shekara sai Baffa ya sa an kawo masa jar ƙasa daga wajen gari ya yi yaɓe da hannunsa. An nemi wurin don ƙanƙara, ya ba da madafa. An nema don bencina, ya ba da katanga. Wannan kuwa ya ce sai dai Sayyid ya mayar masa da iƙamarsa, wato takardar zamansa, ya kore shi daga ƙasar.

Na ce, "Amma kin ce mini an cinye ta."

"Na ce an ci, ban ce an cinye ba. Ya hana ni nuna maka. Kunya yake ji, majnun."

Sayyid ya dubi jinin da ke hular Baffa, ya dubi azarar, ya naɗe igiyarsa. Ya ce halas, a sa motocin a wurin fadar Hindu, dama sandunanta sun ruɓe. Ya fita yana ƙunƙuni, ya sunkuya sosai.

Muka rage ni da Baffa. Ya juya mini baya, ya sa farce yana gyara wata 'yar tsaga a bango. Can ya ce, "Tsohuwar, tana cin goro har yanzu?"

Na ce sai an daka mata.

"Idon fa?"

Na ce da shafa take gane mu.

Ya daɗe yana gyaran tsagar da ba ta buƙatar gyara. Na ce masa ɗakinsa na nan, ana share shi kowace Juma'a. Kafaɗarsa ta motsa. Ya ce, "Ka ce mata..." ya tsaya. "Kada ka ce komai. Yalla, jirgi zai tafi ya bar ka."

Hanyar dawowa ba ta da labari, sai dai Alhaji Ɗan'iya da ya riƙa gaya wa kowa a jirgi cewa na je har Jidda ƙofa ta mare ni. Ciwon ya warke kafin mu kai Maiduguri, ya bar tabo a kan tsohon tabo.

Da na isa gida na sunkuya da kyau na shiga. Bayan an gama gaishe-gaishe Inna ta sa aka kawo ni gabanta. Baba Audu ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, abin awonsa rataye a wuya. Ta shafa kaina, ta shafa kumatuna, ta ce na rame. Yatsanta ya kai goshi ya tsaya.

"Yanzu ka shigo ka sake? Kai dai ba ka da hankali."

Na ce, "Ba yanzu ba ne, Inna. A Jidda ne."

"Ƙarya kake. Wannan azarar zauren nan ce, na san aikinta."

Na ce ita ce, amma a Jidda. Na faɗa mata duka, tun daga alkuki har dakali, har ɗakin da ke tsaye shi kaɗai ana share gabansa. Muryata ba ta yi rawa ba. Ta bar yatsanta a kan tabon, tana bin sa a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Ba ta tambayi ko ya aiko da saƙo ba.

Can ta ce, "Audu."

"Na'am, Inna."

"Ka nemi wani wurin ka kai kekenka."

Baba Audu ya juya ya fita. Muna jin sa ya kai zaure, sai ƙau, sai salati. Inna ta gyara ƙullin bakin zaninta, ta ja shi tamau.

Ta ce, "Mutum ya je har ƙasa mai tsarki, ya shekara ashirin cikin masu gidajen sama, ya kasa koyon gina ƙofa mai tsawo. Halin ubansa ne. Dako mini goro."